Ƙafar Hagu

A rumfar mahaifina, kan hanyar gada,
inda Binuwai ke kwantawa da rani kamar tsohon sa,
akwai takalmi ɗaya rataye a ƙusa.
Na hagu ne. Fatar ta yi baƙi,
haƙoransa shida, biyu sun zube.

Ina ɗan shekara tara mai shi ya shigo,
dogon Bature mai ɗingishi,
baƙin mai ya zauna a faratansa.
Gyaran injin gurzar auduga ya kawo shi Garwa.
Ya ce sunansa Kobus Lenderink,
masu tallan kifi suka mayar da shi Kabushi,
ya yi dariya, ya amsa.

Faransancinsa gurgu, namu ma gurgu,
sai muka haɗu a tsakiyar hanya.

Ya ce a ƙasarsu teku ya fi gari tudu,
mutane na kwana ruwa na bisa kansu.
Ya ce kwana shida yana sauke buhu a tashar jirgi,
ran Lahadi ya buga ƙwallo gaban dubban mutane,
ladansa shayi da tafi.
Karɓar kuɗi a lokacin, in ji manya, abin kunya ne,
manyan da ruwa bai taɓa zuba a gadonsu ba.

Sai takarda ta zo daga Faransa.
Ya duba rufin ɗakin uwarsa, ya ƙirga kwanonin tarar ruwa,
bakwai.
Ya sa hannu.
A gida suka soke sunansa daga littafi,
jarida ta ce ya sayar da ƙafarsa.
Ya ce, gaskiya ne, na sayar,
na sayo kwano da ƙusa.

Mahaifina, Barau Baduku, bai ɗaga kai daga basilla ba.
Ya ce, mai ɗinka takalmi ana biyansa,
ina laifin wanda ya sa ya yi gudu?
Sannan ya juya takalmin ya tambaya:
ina ɗan'uwansa?

Likita ya yanke shi da almakashi, in ji Kobus,
ranar da gwiwa ta juya baya cikin taɓo,
shekara ta takwas a ƙasar mutane.
Ta dama ce ke bugu, ita ake ɗauka hoto.
Wannan kuwa tsayawa kawai take yi,
ta ɗauki nauyina duka, ta kafe,
ba wanda ya taɓa tafa mata.
Ɗinke min ita.

Da la'asar yakan sauko kan yashi
inda muke korar ƙwallon tsumma,
masunta na shanya koma a gefe.
Bai taɓa bugawa ba.
Sai ya durƙusa da ƙyar, ya kama idon sawuna na hagu,
ya dasa shi gefen ƙwallo kamar mai dashen rogo,
ya ce nan, nan, sauran duk hayaniya ce.

Damina na faɗuwa aka mayar da shi wani wuri.
Wasu sun ce Mundu, wasu sun ce gida,
in har gidan ya buɗe masa ƙofa.
Bai zo karɓa ba. Muna binsa dala arba'in.
An taya takalmin sau uku, mahaifina ya ce
ajiya ce, ba a sayar da ajiya.

Jiya jikana Zubairu ya shigo da takarda,
wani mai mota ya ce zai kai shi ƙetare.
Uwarsa na kuka, ubansa na lissafi.
Ni ban iya karanta abin da ke ciki ba.
Na ce ya cire takalminsa ya ba ni.
Na dama lafiya yake, yana ƙyalli.
Na hagu ya tsage ta ciki, inda ba a gani.

Na jawo zare, na shafa masa kakin zuma.