Shaidar Zama

Shekara ashirin da ɗaya na yi a Fatakwal
ina kasa albasa a bakin ruwa.
Da na dawo, guzurina bai wuce uku ba:
ciwon gwiwa, furfura a haɓa,
da wata tsohuwar Fijo mai lambar can,
wadda in ta yi tari kajin Darma ke watsewa.

Duk shingen da na iso, a leƙa lamba, a leƙa ni:
"Baƙo, daga ina?"
Baƙo! A garin da aka binne cibiyata,
bayan ɗakin da amon guduma ke tashina kafin ladan.

Ran Talata na ce a yi ta ta ƙare.
Na nufi ofishin haraji, takardu a hammata,
ta kwastan, ta ciniki, ta inshora,
duk sun yi laushi kamar rama ta sha tafasa.
Wani matashi ya ɗaga murfin inji,
ya share baƙin mai da gefen tsumma,
yana karanto lamba ɗaya bayan ɗaya.
Biyu tsatsa ta cinye, sai da ya sa yawu suka fito.

A tebur na uku na iske Malam Sada,
tabarau a karan hanci, biro a bayan kunne.
"Suna?"
"Lurwanu Badamasi."
"Mazaunin jiha ne?"
Na ce, "Nan aka haihe ni, tahiya ce ta ɗauke ni."
Ya yi dariya har tabarau ya zame:
"Harshenka ya shaide ka, babu ja,
sai dai na'urar nan ba ta jin Katsinanci.
Kawo takardar wuta mai sunanka,
ko wasiƙar mai unguwa da hatimi."

Na koma gida na buɗe adakar zaure.
Ga takardun wuta ɗaure da zare,
kowace na cewa Badamasi Maƙeri.
Shekara takwas yana kwance bayan gari,
amma duk wata ana sallama da sunansa a ƙofa.
A takarda mamaci ne mazauni,
mai numfashin ne ba a san da shi ba.
Na zauna kan uwar maƙerarsa, ta yi sanyi ƙalau.
Har aka kira la'asar ban motsa ba.

Mai unguwa Dikko, yana ta rufe masa ido,
da tafin hannu ya karanta fuskata.
"Ba kai ne ka faɗa rijiyar masallaci ba,
garin bin tantabarar Lawandi?"
"Ni ne, Baba."
"Da igiyar gugana aka fid da kai.
Har yau ba a biya ni igiyar ba."
Jikanyarsa ta rubuta, shi ya lalubo hatimi,
ya hura masa iska, ya danna a karkace.

Malam Sada bai ko ɗago kai ba.
Ya karɓa, ya buga, ya yago rasit:
"Ka dawo bayan sati biyu."
Sati biyun ya haifi ɗaya, ban yi ƙorafi ba,
wanda ya yi ashirin da ɗaya me zai ce da uku?

Yau da hantsi na durƙusa a gindin bedi.
Kusoshin tsohuwar lamba sun ƙi juyawa,
gishirin teku ya kama su, ba ya son saki.
Sai da na ɗauko kurfin mahaifina.
Da ta faɗi, ga fenti a ƙarƙashi,
shuɗi shar, yadda motar take a ƙuruciya,
tafin hannu biyu da rana ba ta taɓa gani ba.
Na daɗe ina kallo kafin in rufe shi da sabuwa.

Tsohuwar na rataye ta a zaure, kusa da zugazugi.
Ita ma ta ci abincinta a can.

Da yamma na bi ta Ƙofar Ƙwaya.
Mai shinge ya leƙa lamba, bai leƙa ni ba,
ya kaɗa hannu, in wuce.
Na so ya tambaye ni daga ina.