Jarin da Ba a Ɗaure Shi a Turke

Shekara shida ke nan ina kan injin gyaran shinkafa
a bakin titin Auyo,
ɓuntu a gashina, ɓuntu a aljihu,
har Hansatu ta hana ni zama kan tabarma sai na karkaɗe.

Ranar da manaja ya tara mu gindin darbejiya
ya ce bana babu ƙarin albashi,
amma kowa ya zama mai kamfani.
Aka miƙo mini takarda mai hatimi:
hannun jari dubu huɗu, Tasi'u Ilu.
Na naɗe ta a ledar burodi,
na tura ƙarƙashin katifa.

Baba ya ce, "Wannan jarin naka,
a wane turke ake ɗaure shi?
Yana haihuwa?"
Na ce yana haihuwa.
Ya ce, "To, mu ga ɗan."

Filina na gabas da firamare.
Bulo ɗari uku sun sha damina biyu a can,
awakin unguwa sun mai da su majalisa.
Ɗakin da muke kwana na yayana ne,
ɗansa kuma ya fara zancen lefe.

Ran Litinin na hau babur zuwa Haɗeja.
Sanyin bankin ya shiga ƙashina.
Malama Zuwaira ta gyara tabarau,
ta jera takardun albashina guda shida
kamar mai shanya kuɓewa,
ta danna lissafi, ta sake dannawa.
"Wannan ba zai ɗauki kwano da katako ba."

Sai na kwance ledar.

Ta karanta har ƙananan layukan ƙasa,
waɗanda ban taɓa kai ido gare su ba.
"Rabi sun nuna, naka ne.
Rabi sai bayan shekara biyu,
in kana nan, in injin na juyawa,
in ba a ce ka miƙa makulli ba.
Ko gero, Malam, ba a auna shi yana kan kara."

Na so in ce da ita
na san ƙarar kowane bel a injin nan,
na san ranar da zai yi tari tun bai yi ba.
Amma fom ɗin ba shi da gurbin wannan.

Ta ce in kawo wasiƙar manaja,
da shaidar ribar da aka ba ni bara da bana.
Sau uku ina zuwa.
Na uku an yi ruwa, wasiƙar ta jiƙe a gefe,
ta ɗora ta kan tagar ofis ta bushe.

Ɗaki huɗu na roƙa.
Biyu suka amince, da banɗaki.

Da la'asar na koma fili da igiya,
na cire turaku biyu, na matso da su ciki.
Hansatu ta tsaya inda take son murhu,
ta ƙi gusawa ko taki ɗaya.

Baba ya zo yana dogara sanda,
ya kewaye igiyar, bai daɗe ba ya gama.
"Ɗan ke nan? Ƙarami ne."
Na ce, "Sauran na ciki, Baba."
Ya kori wata akuya daga kan bulo,
ya zauna a wurinta,
ya ce, "Kada dai ka yi faɗa da manaja."