Riƙe Mini Fitila

Wankin bas aka ɗauke ni yi,
sha ɗayan dare zuwa asuba, a wani gareji a Sheffield,
ni da bokiti da tsumma
da cingam ɗin da ya maƙale a gindin kujeru.
Wata bakwai, takardar albashi kaɗai ta san sunana.

Ran nan murya ta taso daga ramin gyara:
"Kai mai bokiti, zo riƙe mini fitila."
Tsoho Clive ne, baƙin mai har gwiwar hannu,
shekara talatin da ɗaya yana kwana ƙarƙashin mota.
Na riƙe. Ya ce, "Ba fuskata ba, birki za ka haska."

Bai taɓa cewa zo in koya maka ba.
Sai dai ya miƙo sifana ya tafi shan shayi,
ya daɗe da gangan.

Bozena ta karɓi daren Alhamis ɗina
don in je ajin kanikanci.
Na ce me zan biya ki? Ta ce, "Ka ci jarrabawa,
ka daina tare mini hanya da bokitin nan."

Na faɗi ta farko.
Na shigo kai a ƙasa, ruwan sama na bin wuyan riga,
ina jiran jaje.
Ba wanda ya yi mini.
Sai a akwatin kayana na tarar da tsohon littafin Clive,
shafi na tamanin da huɗu a naɗe,
da shaidar babban yatsa, baƙa ƙirin,
daidai inda na saba tuntuɓe.

A waya Inna ta ce, "Sabi'u, wa gare ka a can?"
Na buɗe baki in ce ba kowa,
harshe ya ƙi.

Bara Clive ya ajiye aiki, gwiwa ta ce ya isa.
Ya bar mini kofinsa mai tsagaggen baki.
A ciki nake sha.

Jiya da dare ina cikin rami
na ji ƙarar bokiti a kan siminti.
Sabon yaro ne, ɗan Eritiriya,
yana ta goge tayar da ta riga ta fita,
idonsa na kan hannuna.

Fitila na rataye a ƙugiya, haskenta ya ishe ni.
Na sauke ta.