Tabaran Inna

Zare ne ya riƙe ƙafar tabaranki,
gilashin hagu ya tsage tun Ista,
amma da shi kike bin Zabura
kafin zafin Sakkwato ya farka.

Ni famfon Mabera na gani a ƙafe,
jarkoki a layi, albashi shiru.
Kika ce, "Dogara, duba bakin ƙofa.
Matar Malam Sambo ta ajiye mana bokiti,
ko sallama ba ta yi ba."

Na ce maƙwabtaka ce kawai.
Kika yi dariya: "To, wa ya aiko ta?"

Da barci ya ɗauke ki,
na saci tabaran na saka.
Komai dishi-dishi.
Ashe ba gilashin ba ne.

Na cire, na durƙusa gefen bokitin.
Da sauran ruwa.