Shafi na Tara

Ni ce na kifa takardar a kan gilashi,
haske ya bi ta ƙarƙashi,
shafi goma sha huɗu, kafin azahar na gama.
Oga ya ce, "Ladidi, hannunki da sauri."
Na ɗora a intanet, na tafi cin ɗanwake.

A Kakuri, bayan tsohuwar masaƙa,
inda ciyawa ta cinye wurin jingine kekuna,
kawuna na zaune a kan benci.
Shekara ashirin da bakwai yana tsaron zare,
sai ciwon suga ya hure masa fitilu biyu.
Wayarsa ke masa magana yanzu,
yana shafa ta kamar mai lallashin jinjiri,
ta karanta saƙo, ta faɗi lokaci.

Ran da sunayen masu kuɗin sallama suka fito
ya shafa, ya kasa kunne.
Waya ta ce, "Hoto."
Ya sake shafawa. "Hoto."
Sau goma sha huɗu yana sallama
a ƙofar gidan da aka tashi.

Dole ya kira yaron mai shayi,
shi kuwa ya karanta kamar mai shela.
Kafin la'asar mai kanti ya san adadin,
mai gidan haya ya aiko
a tuna masa wata biyar.

Ran Lahadi na je gaishe shi.
Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi,
"Wanda ya yi takardar nan bai taɓa saƙa ba.
Zane ya zana a bango, ya ce a ɗaura."
Ruwan da ya ba ni ya tsaya a maƙoshi.
Ban ce ni ce ba.

Litinin na kashe allon kwamfuta,
na kunna muryar, na saurari aikin hannuna.
Maɓalli. Maɓalli. Danna nan.
Nan ina?
Na ɓace a gidan da ni na share shi,
na yi ta karo da bango.

Sai na zauna bugawa, harafi bayan harafi.
Kowane shafi na ba shi kai,
kowace ƙofa na raɗa mata suna.
Sunaye a tsaye, lambobi a kwance,
zare ya ratsa zare har yatsa ya gane hanya.
Hoton da ke sama ma na ba shi baki:
ƙofar ƙarfe shuɗiya, fenti ya ɓare,
akuya na kwance a gindinta.
Sau biyu aka ɗauke wuta, sau biyu na sake.

Oga ya leƙo. "Makafi nawa za su shiga?"
Na ce ban ƙirga ba, ranka ya daɗe.
Ɗaya na sani, shi ya goya ni zuwa makaranta.

Ba wai na gama ba.
Bidiyon jawabin oga na nan ba rubutu a ƙasa,
Tasalla mai share mana ofis
leɓe kawai take kallo, leɓen kuma gashin baki ya rufe.
Wannan sai wani makon.

Yau na sauka daga keke napep da magariba,
na ce, "Kawu, sake gwadawa."
Ya shafa. Shafi na ɗaya. Ya wuce.
Ya yi ta tsallake kawuna kamar mai hawa matakala
har ya sauka a na tara,
ya manna wayar a kunne, kada kowa ya ji.

Injin bai san harafi mai lanƙwasa ba.
Ya zo kan Ɗanjuma, ya haɗiye ɗa,
ya ce, "Anjuma."

Kawu ya yi dariya har hula ta faɗi.
"An jima! Shekara nawa ana faɗa mini haka.
Amma yau da kunnena na ji,
ba da bakin ɗan wani ba."

Na ɗauko hular, na karkaɗe.
Na ce, "Kawu, waccan ta farkon, ni ce."
Ya ce, "Na sani. Tun daga yadda kika sha ruwa."