Duwatsu Uku a Aljihun Delfina

Na iso da hantsi, sikeli a kafaɗa,
sandar awo tana bugun bayana
kamar mai tuna mini bashi.
Can ƙasan tudu tafkin Titicaca ya kwanta, shuɗi,
sanyi kuwa irin mai shiga ƙashi ya yi zamansa.

Yara talatin da ɗaya sun jeru jikin bango,
an cire takalma, an bar safa,
wani babban yatsa yana leƙen duniya ta huji.
Wilber ya yi ɗage, ya riƙe numfashi,
yana son satar tsawon da bai kai ba tukuna.
Na ce, sauke dunduniya, ɗan samari,
bango ba ya karɓar toshiyar baki.
Aji ya fashe da dariya. Shi ma ya dara.

Sai Delfina Chambi.
Shekara takwas, kitso biyu, ido a ƙasa.
Ta hau sikeli a hankali
kamar mai taka gadar da ba ta yarda da ita ba.
Allura ta zarce inda idona ya ce za ta tsaya.
Na dubi tsintsiyar hannunta, siririya kamar kara,
na dubi rigar ulu da ta rinjaya gefe guda.

Ban ce uffan ba
sai da aka fita shan iska.

Uku ne. Duwatsun rafi, masu santsi,
har sun ɗauki ɗumin jikinta.
Ta ce bara an aika wa kakarta takarda da jan biro.
Asunta ba ta san baƙi ba, amma ta san ja,
ta kwana zaune gaban tukunya
wadda ba kome cikinta sai busasshen dankali.
"Ba na so a sake sa ta kuka."

Shekara goma sha huɗu ina auna 'ya'yan mutane.
Lamba ba ta zo duniya da kunya ba,
mu muke rataya mata.
Na ɗora duwatsun a sikeli su kaɗai:
kilo ɗaya da 'yar ɗoriya.
Na ce, wannan bashi ne, kuma ba naki ba ne,
nawa ne, da na malaminku Hilario,
da na duk mai hura wuta a garin nan.
Za mu biya, dutse bayan dutse.

Na rubuta gaskiya a littafi. Da baƙin biro.

Da yamma na bi ta gida.
Ban je da wa'azi ba, na zauna a dakali,
na sha ruwan zafin da aka miƙo mini.
Kaji biyu gare su, ƙwan duk kasuwa yake tafiya
ya dawo a matsayin sabulu da fensir.
Muka yi ciniki kamar mata biyu a rumfa:
ƙwai ɗaya ya riƙa kwana a gida.
Na bar maganin tsutsar ciki.
Hilario ya sa madara a kunun makaranta,
uban Wilber, masunci,
ya ce duk Juma'a ƙananan kifinsa na aji ne,
a ci har da ƙaya.

Sannu ba ta hana zuwa.

Wata shida na sake hawo tudun,
gwiwata tana ƙorafi.
Duwatsun suna kan taga, an jera su kamar baƙi.
Delfina ta zazzage aljihu da kanta, tana kallona,
ta hau.
Ba duka muka biya ba. Biyu ne.
A bango kuma ta haye tsohon zanen
da faɗin ɗan yatsana.

Ta kwashi biyun, ta ruga gangare,
kitsonta yana tsalle a baya,
na ji tafki ya karɓa: tsulum, tsulum.

Na ukun yana nan kan taga.
Ni nake kallonsa yanzu
duk sanda na buɗe littafi.