Saura Mutum Ɗaya

Shekara ashirin da biyu bakina ne jarina.
A tashar Bauchi Road, da an sallame asuba,
ni ke tada motoci daga barci:
Toro! Bauchi! Gombe! Saura mutum ɗaya!
Har masu shayin Farar Gada sun san muryar Yahuza.
Ana cewa ko gawa na kira, sai ta tambayi kuɗin mota.

Wata Laraba jini ya hau ya kada ni
ina riƙe da canjin wata mai buhun dankali.
Na farka a Lamingo, ana ƙara mini ruwa.
Hannu ya dawo a wata na biyu,
ƙafa ta biyo shi tana ja.
Harshe ma ya dawo, amma baƙo ne,
bai gane ƙofar gidansu ba.

Na ce bari in kira matata.
Han… Han… Han…
Hansatu na tsaye da kofi a hannu.
Kunu ya huce, sunanta bai iso ba.

Ban taɓa in'ina ba ko ina yaro.
Gwaggo ta ce sammu ne, abokan tasha sun ɗaure ni.
Likita ya ɗaga hoton kaina saitin fitila,
ya nuna tabo, bai fi ƙwayar wake ba:
nan gada ta karye.
Kaya na nan, direba na nan, hanya ce ta yanke.

Aka tura ni ɗakin ƙarshe a baranda,
wurin Malama Kangyang mai gyaran magana.
Tebur, madubi, agogon bango,
da wani katako mai gurbi shida kamar na dara.
Ta ce, Baba, kowace gaɓa da gidanta.
Sa yatsa, faɗi ɗaya. Ɗaga, matsa gaba.
Banda lodi.
Ni da na saba cusa mutum tara a motar bakwai,
yau an hana ni cusa gaɓa uku a numfashi guda.

Ta ce in ja iska har cibiya,
in sake ta kamar mai sauka Hawan Kibo
da ƙafa a kan birki.
Na karanta layi ɗaya sau goma,
sau goma na yi tuntuɓe,
wani lokaci a farko, wani lokaci a tsakiyar kalma,
inda babu ko tsakuwa.

Akwai ranar da na ture katakon ƙasa.
Na so in yi ashar, ashar ɗin ma ya maƙale.
Muka kalli juna. Ita ta fara, na bi ta.
Ashe dariya ba ta in'ina.

Hansatu ma an ba ta nata aikin:
kada ki ƙarasa masa, ki jira.
Matar da ke cafe zance kafin ya taɓa ƙasa!
Ina ganinta tana cije leɓe,
tana murza bakin zane har ya yamutse.

Wata bakwai ke nan.
Jiya na je tasha, yayyafi na sauka.
Wani yaro ya gaji wurina, muryarsa kamar sabuwar ƙararrawa.
Ban ji haushi ba. To, kaɗan.
Na zauna a benci, yatsa na buga cinya a ɓoye:
Sha. Yi. Ba. Su. Ga.
Mai shayi ya zuba bai ɗago kai ba,
bai san ya ba ni kyauta ba.

Da dare na ajiye katakon ƙarƙashin gado.
Han. Sa. Tu.
Ta amsa daga madafa, murya na rawa,
ta ce hayaƙi ne.

Har yanzu wata kalmar kan makara.
Na san irin wannan fasinja:
yana can yana ɗaure kaya.
Ba na tada mota.
Ina riƙe masa kujera,
ina jira.